Kaskon gawayi a ɗaki lokacin ɗari: na'urar gargaɗi ta isa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ɗari ya shigo Damagaram, kuma a gidanmu Inna ba ta kwana sai da kaskon wuta a ɗaki, taga a toshe da tsumma. Ana cewa in gawayin ya zama garwashi, hayaƙi ya ɗauke, babu sauran illa. Haka ne? In na sayi na'urar nan mai ƙara in iskar guba ta taru, ina zan kafa ta?

Mai Gyaran Wuta, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar garwashin nan ita ke kashe mutane. Hayaƙi daban, iskar kabon monoksaid daban: ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jan garwashi na fitar da ita har ya mutu. Ɗaki a rufe, iskar shaƙa na raguwa, gawayin ba ya ci sosai, gubar sai ta ƙaru.

In za ka sayi na'urar, duba bayanta ka ga an rubuta EN 50291, lambar ƙa'idar ingancin irin wannan na'ura, don masu kanti na haɗa ta da ta hayaƙi, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta gaskiya tana kuka cikin minti 60 zuwa 90 in gubar ta kai ppm 50 (wato kashi 50 cikin miliyan na iskar ɗakin), minti 10 zuwa 40 a ppm 100, ƙasa da minti 3 a ppm 300. Ɗauki mai pil, saboda an fi kunna wuta da janareta daidai lokacin da aka ɗauke lantarki.

A ɗakin da murhu yake, kafa ta mita 1 zuwa 3 daga wutar, a bango sama da tsayin ƙofa, ka bar santimita 15 tsakaninta da rufi. A ɗakin kwana kuwa, kusa da gado, daidai inda ake numfashi. Ban da bayan labule ko bakin taga. Ƙurar hunturu na toshe ƴan kafofinta, a riƙa sharewa da busasshen ƙyalle. Maɓallin gwaji pil da ƙara kawai yake gwadawa. Abin da ke shinshino gubar yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10, ranar na rubuce a jikinta.

Hajiya Mai Jinya:
Ɗana, ko da na'ura, kada a kwana da kaskon. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta, a ƙara wa Inna bargo.

Gubar tana kama jini fiye da sau 200 kan yadda iskar shaƙa ke kama shi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai a ce masassara ce a nemi magani. Abin lura: babu zafin jiki, duk ƴan ɗakin na kamuwa tare, kuma suna jin sauƙi in sun fita. Mai barci ba ya jin komai.

In na'urar ta yi ƙara, a fitar da kowa, a bar ƙofa wangale, a kira ƴan kwana-kwana a 18. Wanda ya suma ko ya rikice, da mai juna biyu ko da ta ce lafiya lau, a kai su asibiti a sa musu oksijin. Madara da manja ba sa fitar da gubar.

Magini, Garin Malam:
Ƙari kaɗan. Masu madafa mai bututun hayaƙi su leƙa shi kafin ɗari, kunkunniya da sheƙar tsuntsu kan toshe shi, hayaƙin ya dawo ciki. Harshen wutar gas in ya koma rawaya maimakon shuɗi, kan murhun na son wanki. Janareta kuma ba a zaure ba, Malam, a waje, mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da ɗaki.