Shin sa 8.8.8.8 ne maganin cijewar DNS a gida?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyu ke nan abu ɗaya yana damuna. Sai in buɗe shafi ya tsaya cik kamar daƙiƙa 5, sannan ya shigo garau. Wani lokacin burauza ta ce ba ta gane sunan shafin ba, in sake latsawa ya buɗe. Amma bidiyon da ya riga ya fara tafiya ba ya yankewa. Wayoyi da kwamfuta duk haka suke yi.

Sani: Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka wahalar da kanka. DNS (tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa) na kamfanin da ke ba ka intanet ne ba shi da ƙwari. Sa DNS ɗin Google, 8.8.8.8, ko na Cloudflare, 1.1.1.1, a madadinsa ka huta. Na Google tun 2009 yake aiki, ni ban taɓa sa wa mutum shi ya dawo da ƙorafi ba.

Malama Hauwa: Ban yarda ba, Sani. A ina zai sa shi, a rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) ko a kwamfuta? Ba ɗaya ba ne. In a rauta ne, tambayar za ta ci gaba da bi ta rautar, kuma in ita ce mai matsalar ba abin da ya canza. In a kwamfuta ne, ya tsallake rautar, amma 8.8.8.8 bai san sunan firintarsa ba, don rauta ce kaɗai ta san sunayen na'urorin gida.

Sani: Mutum nawa ne ke kiran firinta da suna, Malama?

Baban Ummi: Ni ina yi. Har da akwatin da nake ajiye hotunan iyali.

Injiniya Bala: Daƙiƙa 5 ɗin nan ku riƙe ta. Tambayar DNS ta wata hanyar aika saƙo mai suna UDP take tafiya, kuma UDP ba ya sanar da kai in saƙon ya ɓace. A Linux, in ba a canza saitin ba, kwamfuta tana jira daƙiƙa 5 kafin ta sake tambaya. Wato ba jinkiri ba ne, tambaya ce ta tafi ba ta dawo ba. Inda ta ɓace shi ne abin nema: iskar Wi-Fi, cikin rautar, ko can waje. Baban Ummi, buɗe tagogin rubuta umarni huɗu a kwamfutarka. Ɗaya ping (umarnin gwada ko saƙo yana isa ya dawo) zuwa adireshin rautar, 192.168.1.1, ɗaya dig (umarnin aika tambayar DNS) @192.168.1.1 da sunan shafin waje, ɗaya da sunan firintarka, ɗaya dig @8.8.8.8. Bar su suna maimaitawa har cijewar ta zo.

Baban Ummi: Na yi, Injiniya. Ping bai rasa ko ɗaya ba. Sunan firinta yana dawowa nan take, 8.8.8.8 ma haka. Sunayen waje ta rauta ne kawai ke cewa timed out jefi-jefi.

Sani: To kun gani. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Malama Hauwa: Gwajin ya wanke Wi-Fi, amma bai kama kamfanin ba tukuna. Rautoci da yawa wata manhajar DNS mai suna dnsmasq ce a cikinsu, kuma tana da iyakar tambayoyi 150 da za ta miƙa waje a lokaci guda. In gurbin ya cika, sabuwar tambaya ba ta samun amsa, alhali sunayen gida suna amsawa lafiya tunda ba sa fita waje. Alamar iri ɗaya ce da ta raunin DNS ɗin kamfani. Duba log ɗin rautar, wato inda take rubuta abubuwan da ke faruwa a cikinta, Yaya.

Baban Ummi: Ga shi kuwa, layi bayan layi: "Maximum number of concurrent DNS queries reached (max: 150)". Na kunna rubuta tambayoyin, sai na ga wata tsohuwar kyamarar tsaro da ke ƙofar gida tana tambayar suna ɗaya babu ƙaƙƙautawa, ba ta samun amsa. Na zare ta daga wuta. Na maimaita dig sau 300, babu wanda ya faɗi.

Sani: Alhamdu lillahi. Amma ku yi mini adalci: da ya sa 8.8.8.8 a kwamfutarsa, da shafuka sun buɗe tun jiya. Ba kowa ke iya karanta log ba.

Malama Hauwa: A kwamfutar, gaskiya ne, Sani. Wayoyin yaran da talabijin fa? Za su ci gaba da cijewa, kyamarar na nan tana cika gurbin.

Injiniya Bala: Wani zai ce a ɗaga 150 ɗin zuwa 1000 ta saitin dnsmasq mai suna dns-forward-max. Ni ba zan fara da wannan ba, na'urar da ke ambaliyar za ta iya cike shi ma. Baban Ummi, kafin ka mayar da kyamarar, duba ko masu ita sun fitar da sabuwar manhaja. In babu, sa sunan da take nema a cikin dnsmasq ya riƙa ba ta amsa daga gida.

Baban Ummi: Zan duba yau da dare in sha Allah. A wane fayil ake rubuta sunan, Injiniya?