Tukuicin masu kawo abinci a jirgin ruwan shaƙatawa: bayan an cire kuɗin sabis sai mun ƙara?

Maman_Hanif:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ku taimaka min da shawara. Mun yi bukin ni da maigida da yara biyu, kwana 7 ne, daga Basalona za a tashi a zaga Bahar Rum. Toh a takardar da suka turo na ga bayan kuɗin tikiti akwai wani kuɗi da za a riƙa ɗorawa kowa kullum wai kuɗin sabis na ma'aikata, har da yaran, da na buga lissafi na ga ba ɗan kaɗan bane. Sai kuma wata ƙawata tace min daren ƙarshe mutane suna miƙa wa weta ambulan a ɗakin cin abinci. Maigida yace ai biya biyu kenan, ni kuma wallahi bana son mutum ya yi sati yana mana hidima mu tashi mu kaɗe riga ko na goro babu. Wancan kuɗin yana kaiwa hannunsu kuwa? In za a ƙara, wa ake ba kuma nawa?

Abu_Sadiq:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu biyu ne aka haɗa miki shi yasa kika rikice.

A da can ambulan ɗin shine tsarin gaba ɗaya, kamfani zai ajiye maka su a ɗaki, ɗaya na weta, ɗaya na mataimakinsa, ɗaya na shugaban wetoci, ɗaya na mai gyaran ɗaki, ka zuba kuɗi ka miƙa a daren ƙarshe. Da aka fara barin mutane su ci abinci lokacin da suka ga dama a teburin da suka samu, sai ya zama ba weta ɗaya kake gani ba duk tafiyar, kuma wasu fasinjojin daren ƙarshe ma ba sa leƙowa ɗakin abincin don kar su bayar. Shine kamfanoni suka koma ɗora kuɗin kai tsaye a asusunka na cikin jirgi, wanda yake haɗe da katin ɗakinka.

A 2024 kamfanin Carnival dala 16 suke ɗorawa mutum ɗaya a rana a ɗakin da ba na alfarma ba, Norwegian dala 20, Royal Caribbean kuma suka kai nasu 18.50 wajen ƙarshen shekarar. Suna yawan ƙarawa, don haka abin da ke takardarki shi za ki bi. In muka ɗauka dala 18 ne, ku huɗu kwana 7, dala 504 kenan. Amma ki duba shekarun yaran, wasu kamfanonin ba sa cajin wanda bai kai shekara 2 ba, wasu suna rage wa yara, wasu kuma ko jariri ne cikakke za a cire. Jiragen Turai irin su MSC da Costa in a Bahar Rum ne da yuro suke lissafin.

Kuɗin ba na weta kaɗai bane, rabawa ake tsakanin masu ɗakin abinci da mai gyara miki ɗaki da wasu da ba za ki taɓa ganinsu ba. In kin bar shi yadda yake kin fita haƙƙinsu, babu wanda zai harare ki don baki kawo ambulan ba. Ƙari kuma ganin dama ne. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai shine abin sha, ko lemo kika saya a mashaya ko kofi na musamman, a kamfanoni da yawa an riga an ɗora kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a rasit ɗin, amma a ƙasa za ki ga wani layi fanko na ƙarin tukuici. Ki karanta kafin ki rubuta komai a wurin, nan ne mutane suke biya biyu da gaske.

Dan_Gaskiya01:

Ni fa gaskiya ina bayan maigidanki, har ma na wuce shi. Abin da ake cirewa kowa da kowa kullum ko an maka hidima ko ba a yi ba, ta yaya ya zama kyauta? Albashi ne kamfani ya sauke daga kansa ya ɗora wa fasinja don tikiti ya fito da araha a talla. Kuma ba wai ba zai yiwu a yi akasin haka bane, P&O Cruises ta Ingila ta daina cire wannan kuɗin tun 2019, na alfarma irin su Silversea da Seabourn suma yana cikin kuɗin tikiti, babu wanda zai zo maka da wani lissafi daga baya. Galibin jiragen nan da tutar Bahamas ko Panama ko Malta aka yi musu rajista, dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka bata hau kansu ba, shi yasa suke iya wannan tsarin.

A yawancin kamfanoni za ki iya zuwa kantar kula da baƙi kice a rage ko a cire. Ni shawarata ki cire duka, ki riƙe kuɗinki a hannu, wanda ya kyautata miki ki damƙa masa ido da ido. A ƙalla kin san inda ya je.

Tsohon_Weta:

Malam Dan_Gaskiya, rabin maganarka na farko babu ƙarya a ciki, ya kamata ace kamfani ne yake biyan cikakken albashi, duk wanda ya yi aikin nan zai so haka. Amma shawarar da ka ba Hajiya ba kamfanin za ta taɓa ba, mu za ta taɓa. Na yi aikin mataimakin weta a ɗaya daga cikin kamfanonin, bari in faɗa muku yadda rana take tafiya.

Da sassafe kana wajen abincin ɗebi-da-kanka kana kwashe faranti kana cika kofi. Da rana a sake tura ka wani wurin. Ka ɗan kwanta in ka samu, in ba a kira atisayen ceto ba. Da yamma ka sa yunifom ka shirya teburanka, rukunin farko su shigo wajen ƙarfe 6, su tashi ka sauya komai cikin 'yan mintuna, shimfiɗar tebur da cokula da kofuna, rukuni na biyu su shigo bayan 8. Tiren da kake ɗaukowa daga kicin faranti ne jere a kan juna da murfinsu, a kafaɗa ɗaya, jirgi yana tangaɗi kana murmushi. Bayan baƙi sun tafi akwai goge-goge, balle in ana tsammanin masu duba tsafta. Kuma babu ranar hutu, kwana 7 a sati, kwantiragi wata shida zuwa tara. Dokar ma'aikatan teku ta duniya ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, cewa ta yi hutu kar ya gaza awa 10 a cikin 24, da awa 77 a sati. Sati awa 168 ne, ku cire da kanku ku ga abin da ya rage ana iya sa mutum ya yi ba tare da an karya doka ba.

Yawancin waɗanda muka yi aiki tare 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, kusan kowa da iyali a gida suna jiran abin da zai turo. Kuɗin sabis ɗin nan shine babban ɓangaren abin da weta yake samu.

Toh in ka cire ka ba wanda idonka ya gani, wa ya ba yaron da ya share maka tebur da safe? Wa ya ba wanda ya yini a tsaye yana wanke farantan da ka ci a ciki? Su ba su da damar yi maka murmushi balle ka so su. Kuma a inda na yi aiki, sunan ɗakunan da suka cire yana zuwa wajen shugabanmu, za a kira ka a tambaye ka me ka yi wa baƙon, ko da baka yi komai ba. In wanda ya cire ɗin ya baka kuɗi a hannu dole ka miƙa a zuba cikin na rabo. Wanda ya bar kuɗin sabis ɗinsa ya ƙara maka a hannu, wannan kam naka ne halak malak.

Mai jin haushin tsarin ya shiga jirgin kamfanin da ya haɗa komai a tikiti, wannan saƙon zai kai inda ake so.

Hajiya, wani abu da ba kuɗi ba kuma yana da nauyi sosai. Bayan tafiya za su turo miki tambayoyi ta imel kan yadda aka kula da ku. Ki rubuta sunan wetan da mataimakinsa kamar yadda yake a bajon ƙirjinsu. Da wannan makin ake duba wa za a ba tebura masu yawa, wa za a ƙara wa girma daga mataimaki zuwa weta.

Dan_Gaskiya01:

Na ji Malam, maganar masu wanke-wanke ta shige ni. Amma har yanzu ina nan kan cewa su rubuta kuɗin a cikin farashi tun farko mutum ya san abin da zai biya.

Anti_Bilki:

'Yar'uwa ki saurari Tsohon_Weta. Ni abin da nake yi shine in biya kuɗin sabis ɗin tun kafin tafiya, ana iya yi ta shafin kamfanin ko wajen ejan ɗin da ya miki bukin, sai in ɗauke shi a matsayin cikon tikiti in manta da shi, ranar sauka ba sai gabana ya faɗi da ganin bil ba.

Tunda da yara za ki je, ki zaɓi tsarin tebur ɗaya lokaci ɗaya kowane dare, rukunin farko, za ki ga bambanci. Ƙaramar 'yata gyaɗa bata karɓe ta ba, jikinta tashi yake. Daren farko na faɗa wa wetanmu, tun daga nan kowane dare kafin mu tashi sai ya kawo min jerin abincin gobe in zaɓa mata, ya rubuta a ɗan littafinsa ya kai kicin a dafa nata daban. Akwai daren da aka ajiye mata kayan zaƙi, kafin ta sa cokali ya dawo da sauri ya ɗauke yace bari ya sake tambaya, bai yarda da abin da aka barbaɗa a sama ba, ya je ya dawo da wani. Mataimakinsa kuma yana naɗe mata hankicin tebur ya yi tsuntsu ta zauna shiru mu samu mu ci abinci. Irin waɗannan mutanen ta ina zan iya tafiya ban ba su komai ba? Ambulan biyu na karɓa a kantar baƙi, na rubuta sunan kowa da 'yar godiya, na ba kowa nasa a hannunsa. Kar ki haɗa ki ba weta kice ya raba da mataimakinsa, kowa ki ba shi nasa.

Kuɗi a hannu ya fi, dala ko yuro, takarda ba tsaba ba. Kuma kar ki jira sai safiyar sauka, wannan safiyar kowa a guje yake kuma ba lallai ki same su a teburinku ba.

Maman_Hanif:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsar Tsohon_Weta yace a bar kuɗin sabis ɗin. Saura biyu dan Allah, Anti nawa kike ganin ya dace a sa a ambulan? Sannan shugaban wetocin fa, shima sai an ba shi?

Anti_Bilki:

Babu ƙa'ida ƙanwata tunda ƙari ne. Ni a ganina ga iyali a tafiyar sati, dala 20 zuwa 50 ga weta ya yi, mataimaki kuma kar ya yi ƙasa da rabin haka don shi yake ɗaukar nauyin tiren. In aljihu bai kai ba ko 10 kika bayar da fara'a za a karɓa da hannu biyu.

Tsohon_Weta:

Shugaban wetoci yana da rabonsa a kuɗin sabis. In ya yi muku wani abu na musamman, ya sauya muku tebur ko ya tsaya kan abincin yaro mai matsala, ki ba shi ɗan wani abu, in kuma gaisuwa kawai yake zuwa yi ki barshi. In kuka ƙare a tsarin cin abinci lokacin da aka ga dama kuma wani weta ya burge ku, ki faɗa a ƙofar shiga a riƙa sa ku a sashensa, yawanci suna yi in akwai wuri. In ba haka ba ki ba shi a daren da ya yi muku hidimar, don ba lallai ku sake haɗuwa ba.