Karena lafiya lau yake a sake, amma da na sa mishi igiya sai ya zama wani

Mai Garka na Mokoyo:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kare sunanshi Duna, shekararshi biyu, tun yana kwikwiyo yake hannuna. Da dare yana gadin awaki a gida, bayan sallar asuba kuma mu gangara tare zuwa garkata a bakin gulbi, inda nake noman tumatir da salati. Igiya nake sa mishi a hanya saboda almajirai da 'yan kabu-kabu.

A garka idan na kwance shi, karnukan maƙwabta suna zuwa, su sansani juna, su yi ta guje-guje cikin yashin gulbi, ban taɓa ganin ya yi faɗa ba. Amma a hanya akwai wani juji kusa da inda wani mahauci ke zubar da ƙashi, karnuka uku ke kwana nan. Da sun taso, Duna sai ya sandare, gashin gadon bayanshi ya miƙe, ya fara gurnani, ya tashi da ƙafafun baya yana fizga. Shekaranjiya wani ja daga cikinsu ya zo har gabanmu. Na naɗe igiyar a hannu na ja da ƙarfi, sai Duna ya juyo ya cafki ƙafar wandona. Igiyar ta saɓule mini fatar tafin hannu, har yanzu ban iya riƙe guga da kyau.

Abin ya dame ni ƙwarai, don ina son karen nan. Mugun hali ne ya fara, ko ni ne nake yin kuskure?

Tsohon Maharbi:

Ɗana, ba mugunta ba ce, tura ce ta kai bango. Na yi shekaru ina farauta da karnuka wajen Madarumfa, kuma ban taɓa yarda in haɗa ɗaurarre da sakakke wuri ɗaya ba. Kare in ya ga abin da bai yarda da shi ba, ko ya kauce, ko ya zagaya, ko ya gudu. Igiya ta hana shi duka ukun, to mi ya rage mishi in ba baki ba?

Ka lura da su a garka gobe. Ba sa tunkarar juna gaba da gaba. Ta gefe suke zuwa, kowa ya kau da kai, su sansani bayan juna. Wannan ita ce gaisuwarsu. Kai kuwa da ka ja igiya ka ɗaga mishi kai da ƙirji, ka tsayar da shi tsayuwar mai neman faɗa, wancan ma ya ɗauka haka. Kuma tsoronka ta igiyar nan yake jin shi. Da hannunka ya ƙame, ya san akwai abu.

Maman Hadiza, Zariya:

Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni aikin kula da lafiyar dabbobi nake, kuma kafin komai ina tambayarka, Malam: haƙorin ya taɓa fata? In ya taɓa, ko ƙwarzane ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi likita ranar, ba sai gobe ba. Shi ma Duna ka duba wuyanshi da kunnuwanshi da kyau ko jan karen ya ji mishi rauni. Ciwon haukan kare ta yawu yake shiga, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Karen da ya yi cizo ana tsare shi a sa mishi ido kwana 10. Allurar rigakafi tun yana wata 3 ake fara ta, a riƙa sabuntawa. In ba a yi wa Duna ba, ka kai shi ofishin ma'aikatan kiwo.

Cafkar da ya kai maka ba da kai yake ba. Ranshi ya riga ya hau, abin da ya fi kusa da bakinshi ya kama. Shi ya sa ba a sa hannu tsakanin karnuka masu faɗa, ko da naka ne. A watsa musu ruwa, ko a shiga tsakani da faifan katako.

Ka daina naɗe igiya a hannu, ka bar ta da ɗan sassauci. Tun daga nesa, kafin ya sandare, ka kira sunanshi ka juya da shi. Za ka ga alamun tun da wuri: lasar leɓe, hamma ba barci, rufe baki farat ɗaya, wutsiya ta miƙe sama tana kaɗawa kaɗan-kaɗan a ƙame. Mutane na ganin kaɗa wutsiya su ce murna ce, ba kullum ba. Kada ka doke shi kan gurnani, don gurnani gargaɗi ne, in ka hana shi zai koyi cizo ba sanarwa. Ka sa 'yan gutsattsarin ƙuli-ƙuli a aljihu: duk lokacin da ya hango kare ya waiwayo gare ka, ka ba shi. In sakakke ya nufo ku, ka watsa mishi kaɗan can gefe, ka wuce a hankali, ban da gudu.

Ɗan Sabon Gari:

Ni haushina masu sakin karnukansu ne. Za ka ji mutum daga bakin ƙofa yana cewa "ba ya cizo, wasa yake so". To naka ba ya cizo, nawa da ke ɗaure fa, ka tambaye shi? Karyata idan ta shiga lokacin barbara, kusan mako uku ban fita da ita ko ƙofar gida, don karnukan unguwa duka sai su biyo mu.

Mai Garka na Mokoyo:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Haƙorin bai taɓa fata ba, wandon ne kawai ya yage, amma gaskiya ba a taɓa yi mishi allura ba. Ranar Litinin zan kai shi in Allah ya yarda.

Yau da safe na bi ta bayan masallaci, na bar hanyar jujin. Duk da haka jan karen ya hango mu daga bakin lungu. Na ji hannuna zai ƙame, sai na sassauta, na ce "Duna, zo". Ya yi gurnani sau ɗaya, ya dube ni, na miƙa mishi ƙuli-ƙuli, muka wuce. Hajiya, igiyar tawa ta ɗaurin akuya ce mai zarge, tana shaƙe shi in ya ja. Akwai inda ake samun irin wadda ake ɗaurawa a ƙirji a nan Maraɗi, ko in kai wa baduku ya ɗinka mini da fata?