Ba a fafe gora ranar tafiya: wane goran ake nufi?

Ɗan Tasha:
Salamu alaikum jama'a. Musu ne ya kaure tsakanina da wani abokin aikina kan karin maganar nan "ba a fafe gora ranar tafiya". Shi wai gorar da ake nufi ita ce doguwar sandar nan da matafiyi ke dogarawa ko ya rataya ƙunshinsa a kafaɗa, wai fafewa shi ne feƙe ta da gyara ta. Ni kuma nace goran ruwa ne. Masana a raba mana gardama.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Abokin nan naka ɗan birni ne ko? Goran duma ne mana. Ai duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi ba zai yi wannan musun ba. Sai an bar duman ya ƙosa a jikin yaɗonsa, a cire a shanya ya bushe, sannan a yanke bakin a zura ƙarfe a ƙwaƙule 'ya'yan da duk tarkacen cikin, to fa ba a gama ba, sai a ɗura ruwa a ajiye shi ya jiƙa a zubar a sake ɗurawa, kakata har tsakuwa take zubawa ciki ta yi ta jijjigawa, haka za a yi ta yi kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. In ka fafe yau ka ɗura ruwa ka kama hanya wlh ruwan nan kamar maɗaci zaka ji shi, kuma ya ɓata maka ciki a tsakiyar daji. Sanda kuwa ai ko a bakin hanya ka sara ka wuce.

Malam na Zaure:
Hajiya ta gama magana, ƙari kawai zan yi. A baki kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne, karin sautinsu daban, rubutun boko ne ba ya nuna shi shi ya sa suka zo iri ɗaya a takarda. Na ruwa namiji ne, goran ruwa, goran nono, jam'insa goruna. Ta sanda mace ce. Robar ruwa ta zamani ce ta rikita yara har suke cewa gorar ruwa. Sannan ku duba aikatau ɗin, sanda sare ta ake yi a kankare a gasa a wuta in ta karkace, ba a fafe ta. Fafewa sai abu mai ciki, ƙwarya, masaki, ludayi, jallo.

Na Bakin Gulbi:
Malam a gafarce ni amma ita ma gora ai tana da rami a ciki, in ba haka ba da me ake sarewa? Kuma a wajenmu matuƙin kwalekwale ba ya tashi sai da gorarsa ko gwangwala ta tunkuɗa jirgi, to shi ma ai tafiyar ce.

Malam na Zaure:
Ramin gora da shi ta fito ɗana, huda ta kawai ake yi. Kuma tunda kai na bakin ruwa ne ka tuna masuntan Argungu a Matan Fada, wannan ƙaton abin da suke kifa ciki a kai suna yawo a ruwa da homa a hannu, suna jefa kifin a ciki, me kuke ce masa?

Na Bakin Gulbi:
Gora muke cewa kam. To na ji, amma ban sauka duka ba.

Kurman Baƙo:
Ni ba ma'anar ce ta dame ni ba, amfanin maganar ne. Ban taɓa jin an faɗa wa mutum ita lokacin da zata yi masa amfani ba, kullum sai ya riga ya makara yana ta haki sannan wani ya kalle shi yace ai ba a fafe gora ranar tafiya. To me ya ƙara masa? Gori ne kawai a cikin rigar hikima.

Uwar Biyu:
A'a fa. Ni tun wata biyu kafin jarabawa nake faɗa wa yarana ita, kuma mahaifiyata tun ina 'yar shekara goma sha ta fara tara min kwano da tabarma tana faɗar ta. Masu jira sai ka faɗi su faɗa maka halinsu ne, ba laifin karin maganar ba ne.

Ɗan Tasha:
To ba ɗaya suke da "tun ran gini ran zane" ba?

Malam na Zaure:
Suna maƙwabtaka amma kowa da gidansa. Tun ran gini ran zane ta fi zama a kan sharaɗi da tarbiyya, abin da baka shimfiɗa tun farko ba ba zai zanu ba in ƙasa ta bushe. "Da sanyin safiya ake kama fara" kuma sammako ne da riga wasu. Ta gora ita kan abin da yake cin lokaci ne dole, ko kana da kuɗi ko kana da ƙarfi ba zaka sa ɗaci ya fita a wuni ɗaya ba. Shi ya sa bana jin daɗinta in an faɗa wa wanda ya manta cajin waya, wannan mantuwa ce kawai. Kuma yaro ba ya jefa wa babba ita kai tsaye, sai dai ya sakaya ya ɗora a kansa.

Ɗan Lambu:
Tunda an taɓo sanduna, yaran yanzu komai dogo sanda ne a wajensu. Dirkar da ke riƙe rumfa sanda, azarar giginya sanda, maƙatar tsinko mangwaro sanda, falwaya ce kaɗai suka sani sbd ɗauke wuta. Na tambayi wani ɗan siyasa matashi da ake kira jigon jam'iyya ko ya san jigo, ya yi shiru. Itacen nan ne fa na bakin rijiyar lambu, guga a kai ɗaya dunƙulen laka a ɗaya kan, ka danna ya nutsa ka saki ya ɗago ruwa da kansa. Injin ban ruwa ya kore shi, sunan ya koma wajen masu babbar riga.

Tela Mai Haƙuri:
Kurman Baƙo ka zo shagona ranar jajiberen sallah ka ga masu fafe gora. Mutum ya shigo bayan la'asar da shadda yadi goma yana so har da aiki a wuya, gobe da safe zai sa ya je idi, in ka faɗa masa karin maganar yace kai ma gori kake masa.

Uwar Biyu:
Kai kuma wanda aka kawo maka tun farkon azumi fa? Atamfata tana wajen wani ɗan uwanka tela har yau ko yankawa bai yi ba.

Tela Mai Haƙuri:
Hajiya wannan wuta ce ba a kawowa.