Parabol don motar da ake kwana a ciki

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Na gyara motata ta koma ɗakin kwana saboda zirga-zirgar Damagaram zuwa Agadez. Wace parabol, wato farantin kama tashoshin talabijin daga tauraron ɗan Adam, za ta dace da ita?

Mai gyara, Sabon Gari: Alhaji, kada ka kafa ta a rufin mota, domin gargadar hanya da iskar hunturu za su karkatar da ita. Nemi ƙarama mai ƙafa uku, ka girka ta a ƙasa duk inda ka yada zango. Tauraron Canal+ yana digiri 22 yamma, saboda haka daga nan kudu maso yamma za ta fuskanta.

Direban Tanout: Ranka ya daɗe, ka ware wa dekoda da talabijin batir na daban mai hasken rana. Ni na taɓa kallon ƙwallo da batirin mota, da asuba sai da aka tura ni.