Neman shawara: masu karatu sun fara gudu daga littafina na mai rikiɗa da mai shan jini

Ummu Aiman: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake turo littafina a WhatsApp, kuma ba wuta, sai ƙanena ya kai wayar caji kasuwa, shi ma sai ya ga dama, shi ya sa wani lokacin shafi yake makara. Jarumar 'yar tallar fura ce. Saurayinta na rikiɗa ya zama kyarkeci, shi ne Alfa, wato shugaban garkensu. Abokin takararsa mai shan jini ne, shekararsa 300. Ina shafi na 23, sharhi ya mutu, wasu na cewa kamar fassara. In ci gaba ko in rufe?

Anti Maman Sultan: Wa alaikumus salam. Na karanta har na 20. Ba caji ba ne matsalarki, dokoki ne ba ki da su. Ɗauki takarda ki amsa: yaushe yake rikiɗa, me rikiɗar ke ci masa, me ke kashe shi, gado ne ko cizo. A shafi na 11 zuwa 14 ya rikiɗa sau uku cikin mako guda, alhali kin ce sai wata ya cika. Wata na cika ne sau ɗaya a kwana 29 ko 30, wajen daren 14. Mutumin ƙauye ya fi kowa sanin farin wata, ba za ki yi masa wayo a nan ba. Sannan ki cire kyarkecin Turawa ki sa kura. Tun da can muna da labarin mutum mai rikiɗa ya zama kura, kuma a ce ana jin kukanta a bayan gari ya fi dusar ƙanƙarar da kika zuba a dajin Jigawa.

Ummu Aiman: Anti, kura fa ba ta da kwarjini. Wace budurwa za ta so kura? Ƙanƙarar kuma a mafarki ce.

Ɗan Gwaram: Ni ina bayanki a nan. Masu bin irin wannan a manhajar karanta littattafai ta Wattpad Alfa suke nema, da kishi, da cewa ita kaɗai aka ƙaddara masa. Mai shan jinin ne ya fi buƙatar gyara. Kin ce rana na ƙona shi, to ta ina zai halarci ɗaurin aure bayan Juma'a? Tafarnuwa na korarsa, amma ya ci tuwo da yaji a gidan su yarinyar. Dokar ranar ba ma tsohuwa ba ce, wani fim na Jamus na 1922 ne ya kawo ta, a tatsuniyoyin Gabashin Turai na asali ba ta kashe shi. Ki sassauta: rana ta raunana shi kawai, ya riƙa fita bayan la'asar.

Anti Maman Sultan: Gyaran me? Ta mayar da shi maye kawai. Yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwa, in an gano shi a sa shi ya tsallake wanda ya kama. Ga dokoki a shirye. Kuma ya huta da tambayar da mutane za su yi: mai shekara 300 wa zai karɓar masa aure, yana sallah kuwa, jinin da yake sha fa?

Malama Ta Hadeja: A yi hattara da wannan. Maita ba wasa ba ce a karkara, ana jifan tsofaffi da ita har a kore su daga gari. In za ki bi ta nan, kada ki sa sunan ƙauye ko unguwa ta gaske, kada ki kwatanta gidan da za a gane. Ƙirƙiri gari.

Maman Hanif: Duk ku bar wannan. Ko me ka rubuta, wata za ta biya kuɗin karatu ta watsa shi a guruf goma kafin gari ya waye. Sharhi kuma sai "mun gode", ko sitika. Wa ke da lokacin lissafin wata?

Anti Maman Sultan: Mai son littafinsa ya daɗe. Ummu Aiman, ki tsayar da turawa na mako biyu, ki sake rubuta daga shafi na 4. Kada yarinyar ta san sirrin saurayin nata tun a shafi na 4 kamar yadda kika yi, ki ja shi zuwa na 15, ta fara ganin sawu a bakin rijiya, akuyoyi na firgita in ya doso. Da kika tona da wuri ai ba abin da ya rage a jira.

Ummu Aiman: Na gode Anti, amma wasu sun riga sun biya, in na tsaya za su ce na cinye musu kuɗi. Kuma ta sani da wuri ne saboda abin da ke zuwa a shafi na 40.

Ɗan Gwaram: Me ke zuwa?

Ummu Aiman: Ban gama yanke shawara ba tukuna. Wai in ta auri mai shan jinin, 'ya'yansu me za su zama?