An kira ni intabiyun tuƙin jirgi, ta ina zan fara shiri?

Ɗan_Samaru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min. Na gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ina da CPL (lasisin tuƙin jirgi na kasuwanci) da IR (izinin tuƙi da na'urori kaɗai in ba a ganin waje) da na inji biyu, awowina 230 ne kacal a logbuk. Tunda na gama ina gida sai tura CV ta ko'ina ba amsa, to shekaranjiya sai ga imel daga wani kamfani wai in zo Legas nan da sati uku, akwai rubutaccen gwaji, sai zama da kwamiti, wanda ya haye kuma a kai shi simuleta (na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi). Wlh murna da tsoro sun haɗe min. Ban taɓa riƙe jet ba ko a simuleta, duk tashin da na yi a ƙananan masu farfela ne irin su Diamond. Me aka fi tambaya? Littattafan ATPL ɗin nan, wato karatun babban lasisin matuƙa, kaf zan sake bi ko akwai inda ya kamata in fi ba ƙarfi? Sannan in suka kawo maganar kuɗin taif retin, wato horon tuƙa samfurin jirginsu, me zan ce, dan gsky gidanmu an riga an yi iya yi a kuɗin makaranta.

Tsohon_Kyaftin

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa a dace.

Kafin ka buɗe littafi ko ɗaya ɗauko takardunka ka baje su. Lasisin NCAA (hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya), medikal kilas 1, shaidar Turancin ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta duniya) mataki na 4 ko sama, fasfo, ka duba ranar ƙarewar kowanne, musamman IR dan ita ce ke mutuwa shiru mutum na zaune a gida. Sai logbuk, ka zauna da kalkuleta ka haɗa shafi shafi, awowin PIC (waɗanda ka yi kana shugaban jirgi) da na dare da na instirumen su zo daidai da abin da ka rubuta a CV. Na zauna a irin wannan kwamiti, in muka ga CV ta ce kaza logbuk ya ce wani abu daban to tun nan zuciya ta fara sanyi da mutum, ko kuskuren lissafi ne.

Karatu kuma kar ka ce za ka cinye ATPL duka a sati uku, ba zai yiwu ba. Fafomans (ƙarfin aikin jirgi) da yanayi da dokar mai da aprocin instirumen (gangarowa sauka da na'urori), nan ne gidan tambaya. V1 da VR da V2, wato matakan gudun jirgi wajen tashi, ka iya bayaninsu da bakinka ba haddar littafi ba, dan ana gama jin ma'anar V1 za a ce to in titi ya jiƙe me zai same shi, me ya sa. Ka san mai na ƙarshe da ba a taɓawa, minti 30 na holdin (kewayen jira a sama) a ƙafa 1,500 ga jet. Ka san lambobin sanar da hasumiya matsala, 7500 da 7600 da 7700, ko daga barci aka tashe ka. Lissafin kai ma suna so: kana ƙafa 35,000 yaushe za ka fara gangarowa, 35 sau 3 mil 105 kenan ka ƙara kamar 10 na rage gudu. Gudunka a ƙasa 140 a kan gilaid (layin gangarowa titi) na digiri 3, sau 5, ƙafa 700 a minti. Iska ta karkace digiri 30 daga titi, rabinta ne kurosiwin, wato iskar gefe. Ka dinga yin su kana tafiya a hanya har su zama jiki.

Kuma ka kawo karatun gida. Filin Jos yana sama da ƙafa 4,000, a lissafin ISA (ma'aunin yanayi na bai ɗaya) zafin wurin bai kamata ya wuce digiri 7 ba, to ranar da ya kai 30 jirgi ji yake kamar yana wajen ƙafa 7,000, inji ya rage ƙarfi titi ya yi maka gajarta. Haka Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu in zafi ya haura 40. Hazon hunturu a Kano tsakanin Disamba da Fabrairu, hadarin farkon damina da iskar da ke zuwa gabansa, wanda ya amsa da irin waɗannan an san ya fahimci abin.

Amma abin da ya sa na tsaya rubuta duk wannan shi ne tambaya guda da take kayar da yaranmu na Arewa fiye da kowa. Za a ce maka kana dama, kyaftin na hagu, mutum ne sa'an mahaifinka mai awa sama da dubu goma, kun zo minima, wato tsayin da ba a gangarawa ƙasa da shi sai an ga titi, cikin hazo ba ku ga titi ba ba ku ga fitila ba, shi kuma ya ci gaba da gangarawa. Ya za ka yi? Mu an raine mu ba a haɗa ido da babba, ba a katse shi, in ya yi kuskure a bari sai an keɓe a faɗa masa cikin ladabi. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ƙafa 200 daga ƙasa babu lokacin keɓewa. Na sha ganin yaro mai ƙwaƙwalwa ya sunkuyar da kai ya ce zan ba shi shawara, ko ya ce ai ya fi ni sani. Shikenan ya faɗi, duk makin da ya ci a rubutu bai cece shi ba. Amsar ita ce ka faɗa da ƙarfi a fili cewa an kai minima ba a ga titi ba, a fasa sauka. Bai amsa ba ka maimaita ka kira shi. Har yanzu shiru, to ka ɗauka ya suma ne ko ya rikice, ka ce jirgi na hannuna, ka ba jirgin wuta ku hau, ka sanar da hasumiya. In kun sauka lafiya sai a yi maganar da rahoto.

Ka karanta haɗarin Tenerife na 1977, Boeing 747 biyu na KLM da Pan Am suka yi karo a kan titi cikin hazo mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya ce eh, babu wanda ya sake magana. Irin wannan ne ya haifar da CRM, darasin haɗin kai tsakanin ma'aikatan jirgi, da ake ta koyar da ku. Ka kuma nemi rahoton jirgin ADC da ya faɗi bayan tashi daga Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansu, dan ka ga yadda iska mai juyawa kwatsam take yi wa jirgi da kuma nauyin shawarar a tashi ko a jira.

FO_Embraer

Kyaftin ya gama magana, ni bari in ɗan taɓa simuleta tunda ban daɗe da wucewa ta nan ba. Na farko cire tsoron nan, sun san awarka 230, ba wanda yake jiran ka tuƙa kamar ka shekara a kai. Yawanci za a ba ka takarda kafin ranar ko da safe, ga gudun tashi ga na filaf (faifan bayan fiffike) ga digirin hanci ga yawan wuta, haddace ta tas dan ita ce ranka a ciki. Babu otofailot, wani lokacin har fulait darekta (alamar da ke nuna maka inda za ka sa hanci) a kashe, za ka tashi ka hau ka daidaita a tsayin da aka ce, juyi dama juyi hagu, a tura ka holdin, sai ILS (sauka da bin siginar titi) da hannu, ƙila a kashe maka inji ɗaya.

Abin da zai ba ka mamaki nauyi da gudu. Jet ba ya amsa wuta nan take kamar Diamond, in ka tura sai ka ɗan jira, to mutane sai su ga shiru su ƙara turawa sai kuma wutar ta zo gaba ɗaya su dawo suna ja baya, haka za ka yi ta kokawa har a gama. Gyara kaɗan kaɗan, digiri ɗaya na hanci a gudun 250 ba wasa ba ne, kuma tirim tirim tirim, wato saita jirgi ya daina jan hannunka, in hannunka ya fara gajiya to ba ka yi tirim ba. Idonka ya zauna a kan atitud (agogon da ke nuna hanci da karkatar jirgi) yana leƙa sauran yana dawowa. In inji ya mutu ƙafa ce farko, taka roda (fedar juya hanci) ka miƙar da hanci, kar ka yi saurin kai hannu kan komai, jirgi tukun sannan cekilis.

Sannan ka yi amfani da na kusa da kai. Mu da muka saba tashi mu kaɗai sai mutum ya manta akwai wani a gefe, yana tuƙi yana neman murɗa hedin (alkiblar jirgi) da kansa. A'a, ce masa sa min hedin kaza, sauke filaf, karanta min cekilis, kafin aproc ka miƙa masa jirgi ka yi birifin a nutse sannan ka karɓa. In aproc ya lalace, ka kai ƙafa 1,000 ba ka daidaita ba, fasa ka sake hawa, wlh maki ne ba faɗuwa ba. Wanda ya dage sai ya dangwala taya ko ta halin ƙaƙa shi ake cirewa. Kuma in mai gwajin ya gyara maka abu to ya gani a zagaye na biyu ka gyara, ainihin abin da suke aunawa kenan, ko kana koyuwa.

In da hali ka samu simuletar kwamfuta ko ta aboki ce, ba za ta ba ka nauyin jirgi ba amma za ta dawo maka da sikanin (bin agoguna da ido) da shiga holdin, dan zaman gida yana cinye su.

Gaskiya_Ɗaci

Duk wannan dogon turanci ne malam. A ƙasar nan in ba ka da wanda zai ɗaga waya ya ce yarona ne to ka je yawon Legas ne kawai. Mutum nawa ne suke da CPL suna sayar da waya a Farm Centre? Nemi hanya tun yanzu.

Maman_Hanan

Haba Gaskiya_Ɗaci, yaro ya zo neman taimako ka zo ka kashe masa gwiwa. Ba na ce babu alfarma ba, akwai, amma shi an riga an kira shi ai, kuma waya iyakarta ta kai ka ƙofa, simuleta ba ta san ɗan wane ba.

Ƙanena ni ba matuƙiya ba ce, ɓangaren ɗaukar ma'aikata na yi aiki a harkar jirage, to ga nawa. Ka shiga Legas kwana ɗaya kafin ranar ka kwana kusa da Ikeja, kar ka yarda da jirgin safiyar ranar balle gosulo. Kwat mai duhu, farar shat, nektai, takalmi a goge, ba yunifom ɗin makaranta da igiya a kafaɗa ba, takardu asali da kwafi a jere cikin fayil ba a leda ba. Ka san kamfanin, wane jirgi suke da shi, ina da ina suke zuwa, suna jigilar alhazai ko a'a, dan in aka ce me ya sa mu ka ce dan ina son tashi tun ina yaro to kowa haka ya ce. Ka tanadi labarai uku ko huɗu na gaske daga horonka, ranar da yanayi ya sa ka juyo, ranar da kuka saɓa da malami, abin da ya faru, me ka yi, ya aka ƙare. In ka taɓa faɗuwa wani gwajin tuƙi faɗi da kanka, yana cikin fayil ɗinka kuma harkar nan ƙarama ce kowa ya san kowa. Abin da ba ka sani ba ce ban sani ba amma ga inda zan duba, kar ka yi ta kame-kame gaban kyaftin uku. Turanci kuma a hankali da murya a sama, ka kalli mai tambaya a ido, ka samu wani ya dinga yi maka tambayoyin kana amsawa da baki kana ɗauka a waya kana saurara.

Maganar taif retin kar kai ka fara ɗaga ta. In sun kawo, tsari biyu aka fi yi, ko ka biya da kanka ko su biya su ɗaure ka da bond na wasu shekaru ana cira a albashi ko ka biya in ka tafi kafin lokaci. Faɗa musu gaskiya ba ka da halin biya amma a shirye kake da bond. Sai dai kar ka sa hannu a ranar, nemi kwafi ka kai wa lauya ya duba nawa ne, shekara nawa, yana raguwa duk shekara ko a'a, da dala ne ko naira, me zai faru in kamfanin ne ya tsaya da aiki, waye garanto. Kuma duk wanda ya ce turo kuɗi a asusunsa zai saka sunanka a jerin waɗanda aka ɗauka ɗan damfara ne.

Ɗan_Samaru

Kai Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Anti na gode, FO zan maka magana ta inbox kan takardar nan. Ranka ya daɗe Kyaftin tambaya ɗaya, in na ce zan karɓe jirgi daga hannun kyaftin ba za su ga kamar ina da girman kai ba? Yaro mai awa 230?

Tsohon_Kyaftin

Za su gani in da ita ka fara. Shi ya sa na jero maka su a jere, magana, maimaitawa, sannan hannu, kuma ka nuna musu ka san bambanci. Kyaftin ya zaɓi filaf ɗin da ba ka so ko ya ƙi ɗaukar ƙarin mai alhali doka ta cika, wannan ka faɗi ra'ayinka da dalili shi ya yanke, nasa ne. Karɓar jirgi sai ƙasa na tahowa shi kuma ba ya amsawa. Za ma su iya matsa maka, wani a kwamitin ya ɗaure fuska ya ce kai wa ya ba ka izini, na fi ka shekara talatin a sama. Gwaji ne, kar ka janye kar kuma ka ɗaga murya, ce masa yallaɓai SOP ɗin kamfani, wato ƙa'idar aiki, ne ya ba ni, ka tsaya a nan. Turo min logbuk ɗinka a hoto in duba maka lissafin kafin Juma'a.